An saka shi a jerin amintattu amma wasiƙarsa ba ta shigowa: yadda ake bin sawun matsalar a sabar imel

Duk mai kula da sabar imel ta wata ma'aikata a Katsina, ko makaranta ce mai zaman kanta a Layout ko kamfanin taki da iri da ke hulɗa da 'yan kasuwar Maraɗi, ya san wannan ƙorafin. Wanda ake jiran wasiƙarsa ya rantse ya aiko, akawu ya duba bai gani ba, kai kuwa ka san tun makon jiya ka rubuta adireshin mutumin a jerin amintattu. Sai ka sake buɗe fayil ɗin, ka ga sunan yana nan daram, ka ƙara masa alamar tauraro (*), ka sake tayar da saba, amma shiru.

Galibi ba rubutun ne ya lalace ba. Wurin da aka yi shi ne ba daidai ba. Wasiƙa kafin ta kai akwatin mai ita tana ratsa ƙofofi da yawa, kowace da mai tsaronta da jerin sunayenta, kamar zaurukan gidan sarauta: in ka bai wa dogarin zauren ciki sunan baƙonka alhali tun a ƙofar waje aka tsare shi, ba abin da sunan zai yi masa. Saboda haka aikin farko shi ne gano ƙofar da ta tsare wasiƙar. Kada ka taɓa ko layi ɗaya na saiti kafin ka san wannan.

Zan yi bayanin ne a kan tsarin da aka fi samu a ƙananan ma'aikatu: Debian ko Ubuntu, da Postfix mai karɓa, da Amavis tare da SpamAssassin masu tacewa, da Dovecot mai ajiyewa. Masu Rspamd, wata matatar tarkace daban, da masu haya a cPanel, shafin sarrafa imel na kamfanonin hayar saba, su ma zan taɓo nasu. Adireshin da ke cikin misalan duk na koyarwa ne, ka musanya su da naka.

Fara da tambayar mai aikowa

Abu uku kake so daga wurinsa: ainihin adireshin da ya rubuta wa, da ranar da lokacin da ya aika, da kuma ko wani saƙo ya dawo masa. In ya dawo, ka roƙe shi ya turo maka hotonsa ta WhatsApp gaba ɗaya, ba kan saƙon kawai ba. A can ƙasa akwai layin da ya fara da lamba uku. In ta fara da 5, sabarka ce ko wata ta ƙi karɓa kwata-kwata. In ta fara da 4, an ce masa ne ya dakata ya sake gwadawa. Ba ƙaramin adadi na irin wannan ƙorafi ke ƙarewa a nan ba, don sai ka tarar ya rubuta .com a inda ya kamata ya rubuta .com.ng.

Rajistar saba ita ce shaida

A Debian da Ubuntu fayil ɗin yana /var/log/mail.log, a dangin Red Hat kuma /var/log/maillog. In sabuwar Debian 12 ce kuma ba ka ga fayil ɗin ba, ba ɓata ya yi ba, ba a girka rsyslog ba ne, sai ka nema da journalctl. Nemi sunan yankin mai aikowa:

`grep -i "dillali.example" /var/log/mail.log`

In abin ya kwana biyu, yi amfani da zgrep a kan tsofaffin fayilolin da aka matse. Abin da za ka gani ba zai wuce huɗu ba. Ko dai layi mai NOQUEUE: reject, ma'ana Postfix ne ya kore ta tun a bakin ƙofa, SpamAssassin bai ma san ta zo ba. Ko layin Amavis mai Blocked SPAM ko Blocked BANNED ko Blocked INFECTED. Ko Passed sannan status=sent, wato ta shiga, tana wani lungu na akwatin. Ko kuma ba komai.

In ba komai, kada ka yi saurin cewa mutumin ƙarya yake. Wataƙila adireshin ambulan ɗinsa daban yake da wanda ake gani, zan zo kan wannan. Nemi da adireshin wanda aka aiko wa, a daidai lokacin da aka ce an aika. In har yanzu ba alama, to wasiƙar ba ta iso ba: duba bayanan MX na yankinka, masu faɗa wa duniya sabar da ke karɓar wasiƙunku ta DNS, kundin sunayen intanet, da `dig MX kamfaninmu.example`, ka kuma tabbatar tashar 25 a buɗe take daga waje. In sabar a ofis take kuma an ɗauke wuta inbata ta mutu cikin dare, yi haƙuri kaɗan, sabobin kirki suna ci gaba da gwadawa na wasu kwanaki. Postfix kansa kwana biyar yake riƙe wasiƙa kafin ya haƙura.

Da zarar ka ga wasiƙar ta samu lambar layi, irin 4F2A91C03B7, nemi da wannan lambar, za ta nuna maka tafiyarta duka. Amavis yana karɓa a tasha ta 10024 ya mayar wa Postfix ta 10025 da sabuwar lamba, wadda za ka gani bayan kalmomin queued as. Bi ta ita ma.

In Postfix ne ya kore ta

Nan aka fi yin kuskure. Layin yakan yi kama da haka:

`NOQUEUE: reject: RCPT from mail.dillali.example[203.0.113.25]: 554 5.7.1 Service unavailable; Client host [203.0.113.25] blocked using zen.spamhaus.org`

Duk abin da ka rubuta a local.cf na SpamAssassin ba ya aiki a wannan mataki. Jerin da zai yi aiki na Postfix ne. Buga `postconf -n` ka karanta layukan da suka ƙare da restrictions da kyau. Postfix yana bin na client, sannan helo, sannan sender, sannan recipient, a kowane kuma yana bi daga hagu zuwa dama ya tsaya a hukuncin farko da ya samu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne OK da aka samu a jeri ɗaya yana ƙare wannan jerin ne kawai. Ka saka check_sender_access a smtpd_sender_restrictions, ya ce OK, sai a shiga smtpd_recipient_restrictions inda reject_rbl_client, mai duba baƙin jerin sabobin da ake zargi da aika tarkace irin na Spamhaus, yake zaune, ya kore ta. Dole amincewar ta kasance a cikin jeri ɗaya da abin da ke korar, kuma ta riga shi zuwa:

`smtpd_recipient_restrictions = permit_mynetworks, permit_sasl_authenticated, reject_unauth_destination, check_client_access cidr:/etc/postfix/amintattu.cidr, reject_rbl_client zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]`

A cikin amintattu.cidr kuma layi ɗaya: `203.0.113.25/32 OK`

Lura da inda reject_unauth_destination yake: kafin amincewar. In ka ɗora OK a gabansa a tsohon tsari, duk wanda ya ari sunan amintaccen nan zai iya bi ta sabarka ya aika wa duniya tarkace, kafin ka farga kai ma ka shiga baƙin jeri, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun fitowar Postfix 2.10 a 2013 aka ware smtpd_relay_restrictions don rage wannan haɗari, amma sabobi da yawa da aka gada daga wani injiniyan suna nan da tsohon saiti.

Ni na fi son amincewa da lambar IP a kan adireshi a wannan ƙofa, don adireshin mai aikowa kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, lambar da ya haɗu da kai ta cikinta kuwa ba ta aruwa da sauƙi. In dole sai da adireshi, teburin hash ne, kuma kowane gyara sai ka bi shi da `postmap /etc/postfix/sender_access`. Postfix ba ya karanta fayil ɗin da ka rubuta, na .db da postmap ya haifar yake karantawa. Kwatanta lokacin fayilolin biyu da `ls -l`. In na .db ya girmi ɗan'uwansa, ka gano ɓarawon. Teburin cidr ba ya buƙatar postmap, `postfix reload` ya wadatar. Gwada kowanne da hannu:

`postmap -q 203.0.113.25 cidr:/etc/postfix/amintattu.cidr`

In bai amsa OK ba, Postfix ma ba zai gani ba.

Akwai wata ƙofa kafin wannan, in an kunna ta: postscreen. In layin korar yana ɗauke da postfix/postscreen, jerinsa daban ne, postscreen_access_list, kuma kalmar da ake rubutawa permit ce ba OK ba.

In kuwa ka ga 450 da kalmar Greylisted, Postgrey ne. Aikinsa ya ce wa baƙuwar saba ta dawo anjima, minti biyar a saitinsa na asali. Ba kora ba ce, jinkiri ne, amma ga ma'aikaciyar da ke jiran lambar shiga wata manhajar biyan kuɗi da ke mutuwa cikin 'yan mintuna, duk ɗaya ne. Manyan kamfanonin aikawa kuma sukan dawo ta wata lambar IP daban, sai jiran ya sake sabo. Rubuta sunan yankinsu a /etc/postgrey/whitelist_clients.local ka sake tayar da postgrey.

Kafin ka zargi mai aikowa, duba DNS ɗinka

In ka ga kwatsam kowa da kowa ana korarsa da sunan Spamhaus, har Gmail, to ba duniya ce ta lalace a dare ɗaya ba. Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta zo ta manyan DNS na kyauta irin 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Maimakon amsa sai ya dawo da 127.255.255.254, wato kuskure. Postfix da ba a faɗa masa irin amsar da zai ɗauka ba yana fassara kowace amsa da cewa mai laifi ne. Amfanin =127.0.0.[2..11] da na maƙala a sama ke nan. Gwada:

`dig +short 2.0.0.127.zen.spamhaus.org`

Lafiyayyar amsa ita ce irin su 127.0.0.2 da 127.0.0.4 da 127.0.0.10. In ka ga mai 255, girka unbound, manhajar da za ta riƙa yi maka tambayar DNS kai tsaye, a kan sabar, ka mai da /etc/resolv.conf zuwa 127.0.0.1.

Unbound ɗin ma yana da nasa hali a garin da wuta ke zuwa ta tafi. Tsohuwar kwamfuta da batirin agogonta ya mutu, in ta mutu ta tashi sai ta farka da kwanan watan shekarun baya. Unbound yana tantance sa hannun DNSSEC da agogo, in agogon ya kauce sai ya ƙi amsa tambayoyi. Daga nan binciken SPF (jerin sabobin da yanki ya ba izinin aikawa da sunansa) da DKIM (sa hannun yanki a kan wasiƙa) ya tsaya, duk amincewar da ka gina a kansu ta daina aiki, ba tare da ka canza ko harafi ba. Buga `timedatectl` duk lokacin da matsala ta fara bayan ɗauke wuta. Batirin ɗan ƙarami ne mai kama da kwabo, CR2032, duk mai gyaran kwamfuta ko agogo a kasuwa yana da shi.

In SpamAssassin ne

Layin Amavis zai nuna Hits da makin da wasiƙar ta ci, da sunan da aka ajiye ta da shi a ma'ajiyar tsare wasiƙu, a Debian ƙarƙashin /var/lib/amavis/virusmails. Fara da sakin ta ga mai ita da amavisd-release da wannan sunan, don a sauke maka waya, sannan ka zauna bincike. Kwafi wasiƙar, ka warware ta in a matse take, ka ba SpamAssassin ita da sunan mai amfanin da ke gudanar da shi a zahiri:

`sudo -u amavis spamassassin -t < wasika.eml`

Kada ka yi gwajin a matsayin root. Root yana da nasa user_prefs da nasa rumbun koyo, Amavis ba ya ganin ko ɗaya. Mutum zai saka amincewa a /root/.spamassassin/user_prefs, ya gwada ya ga ta yi, ya tafi gida, sabar kuwa ba ta san an yi ba. Wurin da ya dace shi ne /etc/spamassassin/local.cf.

A ƙarshen sakamakon akwai jerin dokokin da suka kama wasiƙar da makin kowace. In amincewarka ta yi aiki za ka ga USER_IN_WHITELIST ko USER_IN_WELCOMELIST da maki -100. In babu, ga inda za ka duba.

Na farko, `spamassassin --lint`. In bai ce komai ba, saitin lafiya. In ya ce failed to parse line, ya tsallake layin ke nan. SpamAssassin 4.0.0 da ya fito a Disambar 2022 ya sauya whitelist_from zuwa welcomelist_from, yana kuma karɓar tsohon sunan. Amma 3.4.6 da ke cikin Ubuntu 22.04 bai san sabon ba. Wanda ya kwafo sabon layi daga intanet ya zuba a tsohuwar saba ya rubuta a ruwa. `spamassassin --version` zai raba gardama.

Na biyu, tauraro. `*@dillali.example` bai haɗa da oda@mail.dillali.example ba, wannan sai an ƙara `*@*.dillali.example`. Kuma a nan tauraro da alamar tambaya kawai ake amfani da su, ba dogon tsarin regex ba.

Na uku, wa ka sake tayarwa? Amavis yana ɗauke da SpamAssassin a cikinsa ne, ba ya magana da spamd, wato SpamAssassin mai gudana shi kaɗai a bayan fage. Ko sau nawa ka tayar da spamd ba abin da zai canza, sai `systemctl restart amavis`. Haka kuma required_score da ke local.cf, wanda asalinsa 5.0 ne, Amavis ba ya kallonsa. Nasa ma'aunin yana $sa_tag2_level_deflt da $sa_kill_level_deflt, waɗanda Debian ta ajiye a 6.31, gyaransu kuma a /etc/amavis/conf.d/50-user ake yi. Tunda ka shiga fayil ɗin, saka `$sa_tag_level_deflt = -999;` don kowace wasiƙa ta fito da layin X-Spam-Status a kanta. In ba haka ba wasiƙar amintacce, da yake makinta ya yi ƙasa sosai, za ta shigo ba tambari, ba za ka san dalilin shigarta ba.

Ambulan daban, takarda daban

Kowace wasiƙar imel adireshin mai aikowa biyu gare ta. Akwai na From, wanda akawu ke gani a Outlook. Akwai na ambulan, wanda sabobi ke faɗa wa juna, shi ne ke fitowa a layin Return-Path in ka buɗe asalin wasiƙar. Ga wanda ya rubuto da hannunsa galibi ɗaya ne. Amma rasit da sanarwar da manhajoji ke turowa sukan biyo ta kamfanonin aikawa irin Amazon SES ko SendGrid ko Mailchimp, sai ka ga From na kamfanin da ka sani, ambulan kuwa wani dogon adireshi mai lambobi da ke canzawa a kowace wasiƙa. check_sender_access na Postfix ambulan kaɗai yake gani. In ka rubuta masa na From, har abada ba za su haɗu ba. Shi ya sa kafin ka rubuta kowace amincewa, ka buɗe kan wasiƙar ka karanta Return-Path da From da Authentication-Results da kuma d= na layin DKIM-Signature.

Amincewa da hujja, ba da suna ba

whitelist_from ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ba na ba kowa shawarar amfani da ita. Ba ta tantance komai, suna kawai take dubawa. Ɗan damfara da ya san kamfaninku na sayen kaya wurin wani dillali zai rubuta sunan dillalin a From, ya ce an canza lambar asusun banki, wasiƙar ta ci kyautar -100 ta sauka a gaban mai biyan kuɗi fes, ba ko alamar gargaɗi. Mafi muni shi ne mai saka yankin ma'aikatarsa kanta a jerin, don wai wasiƙun cikin gida su daina faɗawa tarkace. Sunan shugaban ma'aikata shi ne abin da 'yan damfara suka fi ara.

Abin da ya dace:

`whitelist_auth *@dillali.example`

Wannan ba ya ba da rangwame sai SPF ko DKIM ya tabbatar wasiƙar daga yankin ta fito. In ya kama za ka ga USER_IN_SPF_WHITELIST ko USER_IN_DKIM_WHITELIST, ko masu WELCOMELIST a sabon fitowa. Yana buƙatar libmail-spf-perl da libmail-dkim-perl, in babu su zai yi shiru ne kawai. In wani kamfani ne ke sa wa wasiƙar hannu a madadin dillalin, ambaci shi: `whitelist_from_dkim *@dillali.example mai-aikawa.example`, sunan na biyu shi ne abin da ka gani a d=.

Mutanenmu da yawa, har ofisoshi masu hatimi, da Gmail ko Yahoo suke aiki. Ga irinsu ka rubuta cikakken adireshin mutum ɗaya bayan whitelist_auth, zai yi aiki don Gmail na sa hannu a duk abin da ya fita daga cikinsa. Amma *@gmail.com ko da wasa. Wata rana shugaban wata makaranta ya ce mini, «Injiniya, iyayen yara duk Gmail gare su, ka buɗe musu gaba ɗaya mana mu huta.» Na ce, «Ranka ya daɗe, masu damfarar ma Gmail gare su, kuma nasu sa hannun lafiyayye ne.» Muka tsaya a kan rage makin wasu dokoki, wanda shi ne maganin tun farko.

In dillalin ba shi da SPF ko DKIM sam, akwai whitelist_from_rcvd, mai haɗa adireshi da sunan sabar da ta miƙo wasiƙar: `whitelist_from_rcvd *@dillali.example dillali.example`. Sharaɗinsa lambar IP ɗinsu ta kasance tana da suna a DNS na baya, kai kuma trusted_networks da internal_networks naka su zama daidai. Sabar da ke bayan rauta a ofis takan rikice a nan. Duba rajista: in duk wasiƙun waje suna bayyana kamar daga 192.168 suka fito, rautar tana shafe lambar mai aikowa tana saka tata. A haka SPF ba zai taɓa yin daidai ba, baƙin jeri ba zai kama kowa ba, in kuma lambar rautar na cikin mynetworks to ƙofarka a buɗe take ga kowa. A rautar za a gyara, a bar tura tashar 25 kawai ba tare da sauya lambar mai shigowa ba. Ganin ALL_TRUSTED a kan wasiƙar da ta zo daga waje alama ce ta wannan ciwo.

Kuma ka gaya wa mai kula da imel ɗin dillalin ya gyara nasa. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman kowane mai aikowa ya kasance da SPF ko DKIM, masu aika dubu biyar a rana kuma har da DMARC, umarnin yanki kan abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje. In sabarka na tsare shi, ba kai kaɗai ba ne.

Wani lokaci dokar ce ba ta san mu ba

Karanta jerin dokokin da suka kama wasiƙar, akwai darasi a ciki. SpamAssassin yana da dangin dokoki masu suna ADVANCE_FEE, da LOTS_OF_MONEY, waɗanda aka rubuta don kama wasiƙun 419. Yanzu ɗauki wasiƙar ɗan kwangila na gaskiya: an ambaci miliyoyi, an ambaci banki da tura kuɗi, an ce a gaggauta, take kuma duk da manyan baƙaƙe kamar yadda aka saba rubuta takardun ofis a ƙasar nan, sai SUBJ_ALL_CAPS ma ta ɗora nata, ga shi daga adireshin kyauta ya aiko. Ɗaya bayan ɗaya makin ya haura. In kullum irin dokokin nan ne ke kama wasiƙun kirki a ma'aikatarka, saka mutane a jeri ɗaya-ɗaya aikin baban giwa ne. Rage makin dokar a local.cf, misali `score SUBJ_ALL_CAPS 0.1`, ka kwafi sunan dokar daidai yadda ya fito a sakamakon. Rage, kada ka kashe dangin ADVANCE_FEE duka, don na gaskiyar ma suna zuwa.

In BAYES_99 ce ke kamawa, rumbun koyon ne aka koya wa ba daidai ba. Tara wasiƙun kirki a folda ka ba shi da `sudo -u amavis sa-learn --ham`, ka haɗa da na Hausa da na Faransancin abokan hulɗa na Nijar, don ya saba da su. Ba ya fara hukunci sai ya ga na kirki 200 da na banza 200.

Blocked BANNED da Blocked INFECTED kuwa ba ruwansu da maki. Wani abu ne aka maƙala, irin .exe ko .js a cikin zip, ko ƙwayar cuta. Amincewar SpamAssassin ba ta buɗe wannan ƙofa, kuma daidai ne. Kwamfutar amintacce ma tana kamuwa. A ce ya turo PDF. Haka 552 mai cewa saƙo ya yi girma: iyakar Postfix ta asali bayit 10240000 ce, abin da aka maƙala kuma yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don haka takardun rajistar kamfani da na haraji da aka ɗauka da waya masu nauyin megabayit takwas ba za su wuce ba. message_size_limit za ka ɗaga.

Masu Rspamd da masu cPanel

Rspamd ya sauƙaƙa binciken, shafinsa na tasha ta 11334 yana da tarihin kowace wasiƙa da alamomin da suka kama ta. A saitin asali maki 4 jinkiri ne, 6 tambari, 15 kora. Amincewa a /etc/rspamd/local.d/multimap.conf ake yin ta: doka mai type = "from" da filter = "email:domain" da fayil ɗin sunaye da maki mai ragi, ka ƙara require_symbols = "R_SPF_ALLOW" don kada mai aron suna ya ci moriya. Bi da `rspamadm configtest` kafin ka sake tayarwa.

Mai haya a cPanel ba shi da rajista a hannu, amma yana da Track Delivery, wanda ke nuna kowace wasiƙa da dalilin ƙin ta. Jerin amintattu da ke ƙarƙashin Spam Filters na SpamAssassin ne kawai. In Track Delivery ya nuna baƙin jeri ne ya kore ta, sai dai ka kai wa kamfanin hayar ƙara da hoton layin.

Ta shiga, amma ba a gan ta ba

In rajista ta ce status=sent, nemi layin Dovecot na wannan lokacin, zai ce stored mail into mailbox da sunan foldar. In Junk ce, dokar Sieve, tsarin raba wasiƙu zuwa foldoji, ce ta kai ta, ko ta saba gaba ɗaya mai duba X-Spam-Flag, ko wadda mai akwatin ya ƙirƙira a Roundcube ya manta. In kuwa INBOX ta ce amma Hajiya mai akwatin ta ce ba ta gani ba, je teburinta. Outlook da Thunderbird kowanne na da matatarsa da ba ta san jerinka ba, a can za a saka mai aikowar cikin amintattu. Akwai kuma tsohuwar waya ko kwamfutar gida da aka saita da POP3, tana kwashe wasiƙu tana gogewa daga saba.

Sai manyan da ke cewa a tura musu komai zuwa Gmail ɗinsu. Da zarar wasiƙa ta bar sabarka hukuncin ya koma hannun Google, kuma turawa na karya SPF, don sabarka ba ta cikin waɗanda yankin dillalin ya ba izini. Girka postsrsd ya riƙa sake rubuta ambulan, ko mafi sauƙi ka saita masa akwatin ma'aikata kai tsaye a wayarsa ta IMAP.

Gwaji biyu kafin ka rufe

Na farko, mai aikowa ya sake turo wata, kana kallon `tail -f /var/log/mail.log`, ka buɗe kanta ka ga dokar amincewar da idonka. Na biyu shi ake mantawa: ka zama ɗan damfarar da kanka. Daga wata saba ta waje, ba ta datar waya ba don lambobin IP na datar waya galibi tun a ƙofar farko ake korarsu, aika da swaks, manhajar gwajin aika imel, kana aron sunan dillalin:

`swaks --to akawu@kamfaninmu.example --from oda@dillali.example --server mail.kamfaninmu.example`

In wannan ta shigo da -100, amincewarka ta suna ce, koma ka mai da ita whitelist_auth. In ta shigo ba rangwame ko aka kore ta, aiki ya yi. Sannan a saman kowane layin amincewa ka bar bayani da alamar #: ranar da aka saka, wanda ya nema, da dalili, don in kwangila da dillalin ta ƙare wanda ya gaje ka ya san layin da zai goge.